Tsohuwar Xeon mai zuciya 14 ko sabuwar Core i5 mai zuciya 6: wacce ta dace da kwamfutar gida a Garwa?

Abdulƙadir Mai Kyamara, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da manyan wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya, ya kuma haƙuri da zafin bazara.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, kuma a gida nake haɗa aikin, a unguwar Yelwa. Shekara shida ke nan ina fama da wata kwamfutar tebur mai Core i5 ta zubi na uku wadda na saya ta hannu, ban kuwa raina abin da ta yi mini ba, domin da guminta na yi aure. Sai dai yanzu dangin amarya kan turo mini guntayen bidiyon da suka ɗauka da wayoyinsu a 4K su ce lallai a saka, kuma da zarar na jera su a manhajar haɗa bidiyo ta Premiere sai hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa, har in kasa gane inda zan yanka. Fitar da bidiyon sa'a guda kuwa, bayan sallar isha'i nake sa shi in duba da asuba, idan aka ɗauke wuta cikin dare kuma sai aiki ya koma farko.

Na tara kimanin sefa dubu 350 domin in haɗa sabuwa. Da farko niyyata Core i5-12400 da uwar allonta da ram giga 16. To sai wani mai kawo kayan kwamfuta daga Duwala ya nuna mini wani haɗi, wato furosesa Xeon E5-2680 v4, da uwar allo da ake kira X99, da ram giga 32, duka ukun a kuɗin da bai kai na wancan ba. Ya ce irin wannan furosesar ce manyan kamfanoni ke sawa a uwar garke, kwamfutocin nan da ke aiki dare da rana ba a kashe su, ya ce zuciyarta, wato sassan da ke raba aiki a cikinta, 14 ce alhali ta i5 guda 6 ce kacal, kuma a lokacin da ta fito kuɗinta ya haura dalar Amurka 1,700.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan har ta fi ƙarfi haka, me ya sa ta yi wannan arahar? Kuma mene ne ram mai ECC da yake ta yabo? Ƙanena da ke karatun injiniya a Marwa shi ma zai riƙa amfani da kwamfutar a lokacin hutu domin zanen AutoCAD, don haka ina son abin da zai ɗauke mu mu biyu na 'yan shekaru. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin waɗannan kayan da hannunsu. Allah ya saka da alheri.

Malam Hamidu Mai Gyara, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Malam Abdulƙadir. Allah ya sa albarka a sana'a. Mutumin Duwala bai yi maka ƙarya a kan lambobin da ya faɗa ba, amma akwai lambobin da bai faɗa ba, kuma su ne suka fi shafar aikinka.

Bari in fara da tambayar araha. E5-2680 v4 ta fito a 2016. Kamfanonin da ke da ɗakunan uwar garke a Amurka da Turai da Sin sukan sauya kayansu bayan 'yan shekaru, sai a kwashe tsofaffin injinan dubbai a lokaci guda, a cire furosesa da ram a zuba su kasuwa. Kaya sun yi yawa, masu uwar allon da za ta karɓe su kuma ba su da yawa, shi ya sa farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ita kanta furosesar ba kasafai take lalacewa ba, a shekarun da na yi ina gyara, da wuya in tuna wadda ta mutu don tsufa kawai. Don haka arahar ba alamar jabu ba ce, alamar shekaru ce. I5-12400 kuwa ta fito a farkon 2022, tsakaninsu shekara shida ke nan, kuma a wannan fanni shekara shida tazara ce mai faɗi.

Yanzu maganar zuciya. Ka ɗauka kana da teloli 14 masu matsakaicin hannu a shago ɗaya, a wani shagon kuma teloli 6 masu saurin hannu. Idan ankon biki aka kawo, turmi talatin iri ɗaya, kowane tela zai ɗauki nasa, a nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma idan babbar riga ɗaya aka kawo a yi mata aikin wuya, mutum ɗaya ne zai zauna da allura, sauran 13 sai kallo, kuma shagon da telansa ya fi sauri shi zai fara gamawa. Aikin kwamfuta ma haka yake, wani yana rabuwa, wani ba ya rabuwa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ya yi bayanin wannan tun 1967. Ga misali da lissafi: idan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ba ya rabuwa, zuciya 6 za ta gaggauta shi ninki 2.7, zuciya 14 kuma ninki 3.3 kawai, kuma ko zuciya dubu ka tara ba za ka wuce ninki 4 ba. Ka ga ƙarin zuciya takwas bai saya maka abu mai yawa ba, wannan ma idan an ɗauka saurin kowace zuciya ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

To saurin ba ɗaya ba ne. Xeon ɗin tana gudu a gigahaz 2.4, iyakar hawanta 3.3. I5 ɗin tana hawa har 4.4, kuma a kowane bugu ɗaya tana gama aikin da ya fi na tsohuwar, saboda ginin cikinta sabo ne. Idan aka haɗa biyun, zuciya ɗaya ta i5-12400 ta kusa ninka zuciya ɗaya ta wannan Xeon. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ko a aikin da ke rabuwa sosai, guda 6 ɗin nan sukan yi kankankan da 14 ɗin. Jan hoto gaba da baya a Premiere, da buɗe manhaja, da yawancin abin da AutoCAD ke yi, duk aikin wuyan riga ne, saurin zuciya ɗaya suke nema. Ƙanenka zai fi jin daɗin i5 nesa ba kusa ba.

Amma abin da ya fi duk wannan muhimmanci gare ka shi ne wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba. Xeon E5 ba ta da sashen hoto a cikinta ko kaɗan, domin uwar garke ba ta buƙatar nuna komai a allo. Sai ka sayi katin hoto daban kafin ma ka ga rubutun farko, don haka ka ƙara kuɗin katin a kan wancan farashin kafin ka kwatanta. I5-12400 kuwa tana ɗauke da sashen hoto UHD 730, a cikinsa akwai abin da Intel ke kira Quick Sync, wani ɗan yanki da aka gina domin kwance bidiyo da ɗaure shi kawai. Bidiyon wayoyin nan da ke wahalar da kai galibi a tsarin HEVC suke, tsari ne mai matse hoto ƙwarai, kwance shi da zuciyar furosesa zalla aiki ne mai nauyi. Tsohuwar i5 ɗinka an yi ta kafin wannan tsari ya yaɗu, shi ya sa take tsayawa tana tafiya. Sabuwar za ta miƙa wannan nauyi ga Quick Sync, zuciyoyin su sami sararin yin sauran aiki. Ciwon da ka kawo ke nan, maganinsa kuma ba ya cikin Xeon.

Game da ECC, ram na yau da kullum yana aika bayanai bit 64 a lokaci guda, mai ECC yana da bit 72, ƙarin takwas ɗin na bincike ne. Idan bit ɗaya ya juye daga sifili zuwa ɗaya, sai a gano a gyara nan take, idan biyu ne kuma a gano a sanar. Banki da asibiti da kamfanin waya suna buƙatar wannan, domin injinsu na iya shekara bai huta ba kuma kuskuren lamba ɗaya na iya zama asarar dukiya. Kai kuwa da kake kashe kwamfuta kowane dare, bit ɗaya da ya juye a cikin bidiyon kamu, ɗigo ɗaya ne a hoto ɗaya wanda ko uwar amarya ba za ta gani ba. Ka kuma sani cewa ram ɗin uwar garke yawanci irin mai rajista ne, RDIMM, ba ya shiga uwar allon tebur ta yau da kullum. Ranar da ka so sauya injin, ba za ka tafi da shi ba.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama tare da 'yar ƙwayar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma Xeon E5 v4 ba ta cikin jerin. Ana iya bi ta bayan gida a saka, yaran shagona suna yi kullum, amma ni ba zan gina abin da nake ci da iyalina a kan hanyar da za a iya toshewa da sabuntawa ɗaya ba.

Injiniya Yusufa, Marwa

Malam Hamidu, ranka ya daɗe, bayaninku ya gamsar, kuma a kan aikin Malam Abdulƙadir ban da ja. Sai dai ina jin tsoron mai karatu ya tashi da tunanin cewa Xeon tarkace ce, alhali ni shekara huɗu ke nan da ita nake aiki a gida, kuma da za a ce in sake zaɓe yau, ita zan sake ɗauka.

Aikina kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ne, kuma ina koyar da wasu matasa da yamma. A cikin injin ɗaya nakan tayar da kwamfutocin kwaikwayo takwas ko goma a lokaci guda, wannan Linux, wancan Windows, wani kuma yana matsayin na'urar raba intanet, domin ɗalibi ya lalata ya gyara ba tare da ya taɓa kayan kowa ba. Wannan shi ne ankon da kuka kwatanta, kowace kwamfutar kwaikwayo tana son zuciyarta da ram ɗinta. Ram giga 128 ne a injina, kuma da na tebur zan saya da ban iya ba, amma da yake ram ɗin uwar garke na hannu ya cika kasuwa a lokacin, na tara shi a hankali. Furosesar tana da hanyoyin ram huɗu, na tebur kuma biyu. Idan aka sa mata DDR4 mai gudun 2400 a hanyoyi huɗun, tana iya jan giga 76.8 a daƙiƙa, ita kuwa i5 da DDR4 mai gudun 3200 a hanyoyi biyu iyakarta 51.2. Haka kuma tana da layukan PCIe, waɗanda katuna da SSD ke magana da furosesa ta kansu, guda 40, i5-12400 tana da 20, don haka na sa katin hoto da katin sadarwa mai baki huɗu da SSD biyu ba tare da wani ya matse wa wani ba. Domin irin wannan aka yi ta.

Ina kuma son in ɗan ƙara a kan ECC. A 2009 an wallafa wani bincike da aka yi a kan injinan Google na tsawon fiye da shekara biyu, aka samu cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan ram suna yin kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Gaskiya ne ɗigo ɗaya a bidiyo ba komai ba ne, amma wanda ke ajiye takardun mutane ko lissafin kuɗi na shekaru, kuskuren kan shiga fayil ya kwanta shiru, a yi ta kwafarsa zuwa ma'ajiya har na asalin ya ɓace. Wanda yake son ECC ba tare da tsohon injin ba, wasu furosesoshin Ryzen na tebur suna karɓar ECC marar rajista idan uwar allon ta yarda, sai a duba littafinta kafin a saya.

Inda na fi son a yi hattara shi ne uwar allo, domin a nan ne arahar take ɓoye aibinta. Allunan X99 sababbi fil da ake haɗowa da waɗannan furosesoshi, ƙananan masana'antu ne a Sin ke yin su, kuma da yawansu sunan X99 ne kawai a jiki, ƙwayar da ke ciki an ciro ta ne daga tsofaffin allunan tebur. Wasu ramukan ram huɗu ne a ido, amma hanyoyi biyu kawai aka haɗa, ka ga fa'idar da na ambata ta tafi. Sashen da ke ba furosesa wuta kuma sau da yawa an tsuke shi, furosesa mai cin wat 120 a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40 ba wasa ba ce. Ni abin da na saya cikakkiyar kwamfutar aiki ce ta hannu, HP Z440, wadda kamfanin ya gina tun asali domin irin waɗannan furosesoshin, da akwatinta da fankokinta da akwatin wutarta. Dell Precision T5810 ma irinta ce. Duk wanda ya ƙudura sai Xeon, wannan hanyar ya bi. Aibinta shi ne akwatin wutar nata na musamman ne, idan ya ƙone ba za ka shiga kasuwar Marwa ka samo madadinsa ba, sai ka aika Duwala ko Kano ka jira.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka rubuta wa Xeon abu ɗaya ne. Sunan yana nan tun 1998. E3-1231 v3, alal misali, zuciya 4 ce, kusan Core i7-4770 ce da aka cire wa sashen hoto, har a uwar allon tebur take zama. Wani zai ji sunan ya zaci ya sayi giwa.

Hajiya Maryama, Injamena

Sallama ga kowa. Ni ba injiniya ba ce, ɗakin buga takardu da ɗaukar hoton fasfo nake da shi, amma da yake da hasken rana da batir nake tafiyar da rabin yinina, na koyi lissafin wat dole. Ƙanena Abdulƙadir, ka ce idan an ɗauke wuta aikinka yakan koma farko, kuma ban ga wanda ya tsaya a kan wannan ba, alhali mu a wannan yanki ita ce tambayar farko.

A takardar Intel, Xeon ɗin wat 120 ce, i5 ɗin kuma 65, tana iya hawa 117 idan aiki ya yi tsanani. Wato a ƙololuwa ba su da nisa da juna. Bambancin yana wurin zaman banza da ƙaramin aiki, inda kwamfuta take shafe yawancin yininta. Sabuwar takan sauka ƙasa sosai idan kana rubutu ko kana duba hoto, tsohuwar kuwa da sandunan ram ɗinta da katin hoton da dole sai an sa mata, tana ci ko ba ta yin komai. Mu ɗauka bambancin wat 50 ne kawai, sa'a 10 a yini, kwana 30, ya zama kilowat 15 a wata. Idan aka yi lissafi a kan sefa 80 kowane kilowat, sefa 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara. Wannan ba zai talauta kowa ba, kuma da a ƙasar da wuta ba ta yankewa muke, da ban ce komai ba.

Matsalar tana wurin batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na sa'a guda a rubuce, amma irin mai ruwan dalma idan kana son ya yi shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, saura 600. Injin mai jan wat 100 zai yi sa'a shida a kai, mai jan 200 kuma sa'a uku, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Ƙaramin ondule ɗin nan da kowa ke saya mai lamba 650, wato UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, batirin cikinsa bolt 12 ne amfiya 7, wat 84 ke nan na sa'a guda a rubuce, a aikace kuma 'yan mintuna ne na adana aiki a kashe. Ku da wutarku ta dogara da madatsar Lagdo, kun fi ni sanin yadda abin yake a watannin da ruwan Binuwai ya ja baya, kuma watannin ne na zafi. Injin da zai gama fitar da bidiyo cikin ɗan lokaci kafin a ɗauke wuta ya fi maka wanda zai yi ta nishi har tsakar dare.

Kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta ci, zafi yake zama a cikin ɗakin da kake zaune. A watan Afrilu na taɓa ajiye wata tsohuwar uwar garke da wani ɗan'uwa ya ba ni kyauta, irin mai faɗi da ake zurawa a cikin kabad na ƙarfe. Da aka kunna ta, ƙarar fankokinta sai ka ce injin niƙa, mai zuwa ɗaukar hoto sai na ɗaga murya kafin ya ji na ce ya ɗaga haɓa, kafin azahar kuma ɗakin ya zama tanda. Kwana uku ta yi na mayar masa da abarsa da godiya.

Ko wacce ka saya, ka ware kuɗin ondule da na'urar daidaita wuta daga cikin dubu 350 ɗin tun kafin ka shiga kasuwa, idan ka bari sai abin da ya rage, babu abin da zai rage.

Sa'idu, Kusiri

Ni na sayi irin haɗin da aka nuna maka, ta intanet, bara waccan. Wata bakwai ya yi lafiya, sai wata rana da hunturu ya mutu yana cikin aiki, da aka buɗe sai ga ƙura ta toshe ɗan ƙarfen sanyaya da ke gefen furosesa, ƙwayoyin wutar da ke ƙarƙashinsa sun yi baƙi. Furosesar da ram ɗin lafiyarsu ƙalau, amma na zaga Kusiri na haye gada na zaga Injamena ban sami allo mai wannan mazaunin ba, sai da na jira wata biyu aka kawo wani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban zargi kowa ba.

Idan duk da haka za ka saya, ka karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen furosesar da idonka. Idan ka ga an rubuta Intel Confidential a maimakon sunanta, samfurin gwaji ce da ba a yi don sayarwa ba, ka ajiye ta. Ka kuma lura cewa mazaunin LGA 2011 da LGA 2011-3 sun yi kama amma ba sa shiga juna. Na farkon na E5 v1 da v2 ne masu DDR3, waɗanda ba su da umarnin AVX2 da sababbin manhajoji da yawa ke nema, kuma akwai masu sayarwar da su kansu ba su san bambancin ba.

Abdulƙadir Mai Kyamara, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma wurin mutumin na tambaye shi kuɗin katin hoton da zai iya kwance HEVC, da muka haɗa lissafi sai ga shi bambancin da ya ja hankalina ya kusa ƙarewa. Shi ma bai musa ba, ya ce yawancin masu sayen haɗin yara ne masu wasannin kwamfuta da suka riga suka mallaki kati. Injiniya Yusufa, na karanta naku sau biyu, kuma na fahimci cewa aikinku daban da nawa. Yaya Hajiya, na ware kuɗin ondule kamar yadda kika ce.

Saura tambaya ɗaya ga Malam Hamidu. A wani shago an nuna mini i5-12400F, an ce ita ce dai, har ta fi araha kaɗan. An kuma ce in duba Ryzen 5 5600. Wacce zan ɗauka?

Malam Hamidu Mai Gyara, Ngaundere

Kada ka ɗauki mai F. Wannan harafin yana nufin an kashe sashen hoton da ke ciki, tare da shi kuma Quick Sync ya tafi, wato abin da ya sa na ce ka sayi i5 tun farko. Ryzen 5 5600 furosesa ce mai kyau, zuciya 6 ita ma, wat 65, amma ba ta da sashen hoto, sai da kati. Ga wanda yake da kati a hannu zaɓi ne mai kyau, kai kuwa ba ka da shi.

Ka nemi 12400 marar harafi, da uwar allo H610 ko B660 wadda aka rubuta DDR4 a kwalinta, domin wannan furosesar tana karɓar DDR4 da DDR5 amma kowace uwar allo iri ɗaya take ɗauka. Ram ɗin ya zama sanda biyu, kada ka yarda da sanda ɗaya ko da jimillar ɗaya ce, saboda sashen hoton daga ram yake ɗiba kuma yana son hanyoyin biyu a buɗe. Idan kuɗi ya kai, giga 16 sau biyu, domin 4K yana cin ram. Ka sa SSD irin NVMe domin Windows da aikin da kake kai, tsohon faifanka kuma ya zama rumbun bukukuwan da aka gama. A akwatin wuta kada ka yi rowa, ka ɗaga shi a hannu, wanda ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara ka mayar.

Fankar da ke zuwa a kwalin furosesar tana aiki, amma a zafin Garwa gara ka ƙara kaɗan ka sayi mai tsayi irin hasumiya. Ka ɗora akwatin a kan tebur, kada ka ajiye shi a ƙasa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa buɗe shi duk wata kana hure ƙurar, ka riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Idan ka zo haɗawa ka ɗauki hoton mazaunin uwar allon kafin ka biya, ka turo nan mu duba ko akwai allurar da ta lanƙwashe, domin a mazaunin wannan furosesar, LGA 1700, alluran a jikin allon suke, kuma mai shago ba zai karɓa ba bayan ka fita da shi.